Jawabin da Ya Raba Ni da Ogana

Da aka ɗauke ni aiki a sashen kwamfuta na ma'aikatarmu, ni kaɗai ce mace a ɗakin, kuma abin da na sani bai wuce na takarda ba. Shugaban sashen, wanda kowa ke kira Oga, shi ya koya mini aikin da hannunsa. Mutumin Kinkinau ne, ɗan gidan 'yan kasuwa, shi kaɗai ya fita zakka a cikin 'yan'uwansa ya yi boko mai zurfi. Sauran mazan ofis idan na yi tambaya sai su karɓe kwamfutar su yi abin da kansu. Shi kuwa sai ya ja kujerarsa gefe ya ce, "Zauna ki ɓata, ƙanwata. In kin ɓata ma gyara tare." Tun daga nan yake kirana ƙanwata, ni ma na riƙe shi tamkar wan da muka fito ciki ɗaya.

Babban abin da muke kula da shi shi ne saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin da jama'a ke shiga su yi rajista. Tana cikin wani ɗan ɗaki mai sanyi a ƙarshen baranda. A wata shekara sai shafin ya kama nauyi. Mutum ya danna, sai ya zauna yana kallon 'yar da'irar nan tana juyawa har ransa ya ɓaci. Masu shagunan kafe, inda ake biya a shiga intanet, suna zaginmu, ma'aikatan wasu sassan suna zaginmu, darakta kuma kusan kullum sai ya kira Oga sama. Bakin kowa ya zo ɗaya, cewa sabar ta tsufa, sai an sayi sabuwa.

Ni a lokacin na kamu da son wasu kayan aiki da na tsinta a intanet, irin waɗanda ake bin diddigin abin da ke faruwa a cikin kwamfuta da su. Kowace manhaja, komai ƙanƙantar abin da za ta yi, sai ta roƙi babban tsarin da ke tafiyar da kwamfutar: buɗe mini wannan fayil, aika mini wannan saƙo, ba ni wurin ajiye wancan. Mai amfani da kwamfuta ba ya ganin wannan kai-kawo. Kayan aikin nan su ne ke jera maka shi a kan allo, da tsawon lokacin da kowace buƙata ta ci. Akwai ma wanda ke zana maka hoto mai kama da harsunan wuta, inda ya fi faɗi a nan lokaci ke tafiya.

Wata rana da hantsi na roƙi Oga ya bar ni in gwada su a kan sabar. Ya ce bismillah, shi ma ya jawo kujera. Abin da muka gani ya ba mu mamaki. Sabar ba wani aikin wahala take yi ba, zaman jira kawai take. Duk wanda ya buɗe shafin, sai manhajar ta fara neman wata tsohuwar kwamfuta da aka daɗe da cirewa daga ofishin, ta yi ta jira har ta haƙura, sannan ta ba mutum amsa. Kamar ɗan aike ne da kullum sai ya biya ta gidan da masu shi suka tashi, ya yi ta rafka sallama a zaure, kafin ya wuce inda aka aike shi. Layi guda muka gyara a cikin rubutun manhajar. Oga ya gwada shafin a wayarsa, ya ga ya buɗe nan take, sai ya miƙe tsaye yana dariya yana tafa hannu. Ranar da kansa ya fita ya sayo wa duk sashen balangu.

Bayan wasu watanni, wani da muka yi makaranta tare ya neme ni. Suna da wata 'yar haɗuwa ta matasa masu harkar kwamfuta, sukan kama wani ƙaramin ɗakin taro lokaci-lokaci, wani ya tashi ya koyar da abin da ya sani. Ya ce suna so in zo in yi musu bayanin kayan aikin nan. Na ce ni ba mai magana a gaban jama'a ba ce. Da na ba Oga labari, shi ya hana ni sakat.

"Haba ƙanwata, ilimi a ciki ai kamar hatsi ne a rumbun da aka manta. Ki je ki yi."

Wata Asabar bayan la'asar na ɗauki kwamfutata na tafi gidansa a Kinkinau don ya duba mini abin da na shirya. Muka zauna a falonsa, matarsa, wadda nake kira Anti, ta kawo mana dambun shinkafa da zoɓo. Na nuna masa shafi-shafi. Misalan da na tanada duk na kwamfutata ne ta gida. Ya kalla, ya yamutsa fuska.

"Wannan ba shi da gishiri," in ji shi. "Ina labarin sabarmu? Ai shi ne naman miyar. Ki sa shi, kada dai ki ambaci sunan ofis."

Na ce, "Oga, ina maganar sayen sabuwar sabar nan? Kada in je in faɗi abin da zai taɓa wani."

Ya kaɗa hannu. "An bar wannan magana tuni. Kuma wa zai ji? Yara ne, ga shi da Hausa za ki yi."

Da Hausa na ƙudura zan yi, domin na lura da yadda ake yi a irin tarukan nan. Mai jawabi ya yi ta zuba Turanci, jama'a na gyaɗa kai, a tashi kowa ya tambayi na kusa da shi me aka ce. Oga har ya taya ni neman kalmomi. Shi ya ce in yi amfani da misalin ɗan aiken nan, wai ko kakarsa za ta gane.

Ranar taron Oga bai zo ba, yana da ɗaurin aure. Ɗakin ya cika fiye da yadda na zata, har wasu na tsaye a bakin ƙofa. Janareta na ta ruri a waje, majigi kuma yana haska bangon da fentinsa ya ɓare. Abokin karatun nan nawa ya tashi ya gabatar da ni, kuma don ya girmama ni sai ya faɗi inda nake aiki. Ban so haka ba, amma an riga an faɗa. Sai da na kai ga buɗe baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni a cikinsa, layuka suka fara zubowa, sannan na ji na dawo gida. Na nuna musu yadda ake kama manhaja tana buɗe fayil, yadda ake gane ko na'ura aiki take ko jira, yadda ake karanta hoton harsunan wuta. Da na ba da labarin sabar da kowa ya ce ta tsufa, na kawo misalin ɗan aike, ɗakin ya kwashe da dariya. A ƙarshe na ce duk abin da na sani ogana ne ya ba ni dama na koya, kuma tare muka gano wannan matsala, Allah ya saka masa da alheri.

Tambayoyi suka yi ta zuwa. Wani saurayi mai shagon kafe a Rigasa ya ce kwamfutocinsa kullum sai sun tsaya cak da rana, ko kayan nan za su nuna masa dalili. Wata ɗaliba da ke zaune can baya ta tambayi ta ina ya kamata mai koyo ya fara. Wani dattijo mai koyarwa a wata makaranta ya ce ya ji daɗi, amma shi yana ganin irin wannan ilimi Hausa ba za ta iya ɗaukarsa ba, in an yi nisa dole a koma Turanci. Kafin in ba shi amsa matasa suka taso masa, aka ɓata lokaci ana musu. Na koma gida Unguwar Shanu ranar ina jin kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa.

Ashe wani ya ɗauki jawabin da waya, ya sa a intanet. Da farko abin daɗi ne. Masu sana'ar suka yi ta tafka muhawara a ƙarƙashin bidiyon. Wani ya ce kayan da na nuna tsohon yayi ne, akwai sababbi da ba sa ɗora wa na'ura nauyi. Wani ya ce ƙarya ne, tsofaffin sun fi sauƙin koyo, kuma su ake samu a kowace saba. Wani Bakano da wani Basakkwace suka kwana biyu suna jayayya a kan kalmar da ta fi dacewa da babban tsarin nan na kwamfuta. Akwai kuma waɗanda ba su ji ko kalma ɗaya ba, mayafina kawai suka gani, suna tambayar ko ina da aure. Ranar Litinin Oga ya tare ni a baranda fuskarsa cike da murmushi.

"Na kalla daga farko har ƙarshe," ya ce. "Kin fitar da ni kunya, ƙanwata. Har na tura wa 'yan'uwana."

A cikin makon nan abin ya juya. Wani wanda ban sani ba ya yanko wurin da na ce kowa ya haƙiƙance sai an sayi sabuwar saba alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau, ya haɗa da wurin da aka faɗi ma'aikatarmu, ya rubuta a sama cewa ma'aikaciya ta tona asirin manyanta. Wannan guntun shi ya yi tafiya. Ya shiga wayoyin mutanen da ba su san mece ce saba ba, kuma ba su damu su sani ba. Wasu na sa mini albarka a kan jaruntakar da ban yi ba, wasu na cewa neman suna nake. A ofis sai na ga in na shigo ɗaki hira ta tsaya. Oga ya daina haɗa ido da ni. In na gaishe shi sai ya amsa yana kallon allo.

Sai ga sakataren darakta ya leƙo ya ce ana nemana a sama. Na tarar da Oga ya riga ni, yana zaune hularsa a gwiwa. Darakta bai ce in zauna ba. Ya juyo wayarsa ya kunna mini muryata. A nan na fahimci maganar sayen sabuwar saba ba a bar ta ba. Tana nan da ranta, ta ma kai gaban manya, kuma yanzu manyan suna tambayarsa ko wasa ake yi da hankalinsu.

"Wa ya ba ki izinin fitar da maganar ofis waje?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ambaci ofis ba. Kuma kafin in je sai da na nuna wa Oga komai."

Darakta ya dubi Oga. Ni ma na dube shi, raina a kwance, don na san zai ce haka ne, mu ɗauki faɗan tare.

Oga ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ni ma a waya na gani kamar kowa. Da ta shawarce ni, da na hana ta."

Na ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashina. Na ce, "Oga, a falonka fa. Kai ka ce in sa."

"Ta zo gaishe da iyali, haka ne," ya faɗa wa darakta, ba ni ba. "Amma ba mu yi wannan magana ba. Ka san yaran yanzu, sai su jingina abu da babba don ya yi nauyi."

Bai tsaya nan ba. Ya ce gyaran da aka yi kwanaki ɗan toshe ɓaraka ne kawai, ba zai ɗore ba, sabar lallai tana buƙatar canji, ni kuma ƙuruciya ce ta sa na ga layuka a allo na ɗauka na gano duniya. Wannan ya fi mini ciwo a kan na farkon. Mutumin da ya miƙe tsaye yana tafi a ɗakin saba, shi ne yanzu yake cewa bai ga abin da ya gani ba. Na buɗe baki zan sake magana, darakta ya ɗaga hannu ya ce ya isa, in tafi.

Aka ba ni takardar tuhuma, na amsa. Aka karɓe mini damar shiga sabar, aka mayar da ni sashen da ke kula da firintoci da katin shaidar ma'aikata. Ba a kore ni ba, ba a rage mini matsayi ba. Mutane da yawa sun ce in gode wa Allah, na kuwa gode. Amma kullum in zan tafi masallacin mata sai na wuce ta gaban ɗan ɗakin nan mai sanyi, in ji ƙarar fankokinsa ta bayan ƙofa.

A gida mahaifiyata ta yi ta faɗa, ta ce sai ta je Kinkinau da ƙafarta. Mahaifina ya hana ta. Shi tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya tun ina sakandare. Ya kira ni zaure bayan magariba, ya sa na ba shi labari daga farko, bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Ba canjin wurin aiki ne ke damunki ba."

Na ce, "A'a, Baba."

"Na sani." Ya ja carbinsa. "Mutumin nan ba ƙinki yake yi ba. Tsoro ne ya kama shi, ke kuma ke ce kusa da hannunsa. Ban ce ki yafe yau ba. Amma kada ki bar abin ya hana ki barci, shi yana can yana nasa."

Ban ji sanyi daga maganarsa ba, sai dai na ji daɗi da bai ce laifina ba ne.

Matasan da suka gayyace ni suka so su tayar da ƙura a intanet, su ce an zalunce ni. Na roƙe su su bari. Wanda ya ɗauki bidiyon ya zo har gida ya ba ni haƙuri, ya sauke nasa, amma guntun da aka yanka ya riga ya bazu, ba mai iya tattaro shi. Mai shagon nan na Rigasa ya turo mini saƙo cewa ya bi abin da na nuna, ya gano wata manhajar tsaro ce ke tashi binciken faifai daidai lokacin da jama'a suka cika shagon, ya canza mata lokaci, yanzu lafiya lau. Na karanta saƙon a zaune cikin tarin firintocin da suka lalace. Na yi murmushi, sannan hawaye suka zo mini, ban san na mene ne ba.

An yi makonni kafin Oga ya yi mini magana. Wata rana an tashi aiki, ina jiran Keke a bakin get, sai ya tsayar da motarsa ya fito. Ya rame kaɗan.

"Ƙanwata, ki tsaya ki ji ni."

Na tsaya.

"Ni na tsaya a gaban manya na ce sai an canza sabar nan, tun kafin mu gano abin da muka gano. Bayan mun gyara, na kasa komawa in ce na yi kuskure. In da na yarda na san da jawabinki, cewa za a yi na ƙaryata kaina da bakin yarinyata. Ke da sauran ƙarfinki, za ki farfaɗo. Ni saura ƙiris in ajiye aiki, ga yara a makaranta."

Na ce, "Amma ka ce mini an bar maganar."

"Na ɗauka za ta mutu da kanta."

Sannan na faɗa masa abin da ya yi ta cina a rai. Na ce, "Oga, da ka kira ni gefe kafin mu hau sama, ka ce ƙanwata ki rufa mini asiri, ki ce ke kaɗai kika yi, wallahi da na faɗa. Da na ɗauki laifin da hannu biyu, saboda abin da ka yi mini a rayuwa. Amma ba ka tambaye ni ba. Zama ka yi ka mai da ni maƙaryaciya ina tsaye."

Ya shafa gemunsa, ya ce in shigo ya rage mini hanya. Na ce na gode, ga Keke nan ya zo.

Daga baya sabuwar sabar ta iso. Wani abokin aiki ya gaya mini an kwashe komai an mayar kanta, shafin kuma yana buɗewa kamar yadda yake buɗewa tun ranar da muka gyara layin nan, ba ƙari ba ragi. A taron ma'aikata aka yaba wa sashen kwamfuta da hangen nesa. Ina zaune a layin baya na tafa tare da kowa. Oga ya yi ritaya a shekarar da ta biyo baya, aka yi masa walima, na sa hannu a katin bankwana amma ban je ba. Wanda ya gaje shi ya nemi a dawo da ni sashen, aka dawo da ni. Ina nan har yau, ni ke kula da sabar.

Kwanakin baya na shiga kasuwa sayen atamfa, sai na ji an kamo mayafina ta baya. Na juya, Anti ce. Ta rungume ni a tsakiyar layi, masu turin baro na ta neman hanya.

"Ke kuwa lafiya? Kin yi mana yaji ne? Kullum sai na tambayi yayanki, ya ce aiki ne ya yi miki yawa. Yara ma suna ta cigiyarki."

Na dubi fuskarta, babu komai a ciki sai murnar ganina. Na gane bai taɓa faɗa mata ba. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Matar nan tana falon ranar, ta ji lokacin da ya ce in sa labarin sabar, da an tambaye ta da ta ba da shaida. Sai na tuna mijinta ne, uban 'ya'yanta, kuma ita ba ta yi mini komai ba sai alheri.

Na ce, "Wallahi Anti aiki ne. Ki gaishe da su."

Ta ce ba za ta yarda ba sai na sa rana. Na ce in Allah ya yarda bayan sallah. Ta taya ni zaɓen atamfa, ta yi mini ciniki har mai shagon ya ce ta fi ƙarfinsa, muka rabu a bakin titi tana ɗaga mini hannu. Sallah ta zo ta wuce, na tura mata gaisuwa ta waya, amma ban je ba.